BA DUK ZANE NE TSAFI BA, MU DAINA YI WA 'YA'YANMU ƘAZAFI

Jama'a, akwai wata sara da ta shigo Facebook da WhatsApp wadda ya kamata a taka mata burki. Mutum zai ɗauki hoton zanen ɗaliban sashen zane-zane na ABU Samaru, ya kewaye wani alwatika ko ido da jan layi, ya rubuta "ga alamar Illuminati", shi ke nan sai a yi ta turawa. Haba! Yaron da ya kwana yana fama da fenti don ya ci jarrabawa, shi ne ya zama matsafi?

Gaskiya ɗaya ce, akwai alaƙa tsakanin zanen zamani na Turai da ilimin ɓoye. An kafa ƙungiyar Tiyosofi a Amurka a 1875. Mondrian, mai zanen layuka da murabba'ai, ya shige ta a 1909. Kandinsky ya fitar da littafi kan ruhi a cikin zane a 1911. Hilma af Klint ta ƙasar Suwidin kuwa tun 1906 take zane, tana cewa ruhohi ne ke yi mata jagora. Duk malamin jami'ar da ya musa wannan don kare sana'arsa, shi ma bai kyauta ba.

To amma me ya haɗa wannan da Samaru? Tarihin wurin a rubuce yake. A 1958, tun ana kiran makarantar Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere, kafin ta zama ABU a 1962, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Rigimarsu da malamansu Turawa ita ce su daina kwaikwayon Ingila ido rufe, su koma ga zanen iyayensu. Wato mutanen da suka yi wa Bature tawaye su ne yau ake cewa yaran ƙungiyar asirin Bature.

Sannan mu tambayi kanmu tsakani da Allah, su waye gwanayen zanen sirri in ba mu ba? Ka zagaya kasuwar Sabon Gari ka ga masu neman laya da guru. Me ke cikin layar in ba hatimi ba, gidaje-gidaje da lambobi da haruffa? Malam Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan wafaƙi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, yau masana lissafi na duniya suna ambatonsa. Wanda ke ɗaure da hatimi a damtse ne zai ga murabba'i a bangon jami'a ya ce a'uzubillahi?

Hukuncin sassaƙa siffar mai rai magana ce ta malaman fiƙihu, kuma duk ɗalibi Musulmi ya je ya tambaye su. Amma zanen layi da launi wanda ba mutum ba dabba, ai shi ya fi kusa da zayyanar allo, da dagi, da aska takwas a wuyan riga, da aikin Babban Gwani a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya. Abin da ya fi nesa da gunki shi aka fi jifa, saboda kawai ba mu gane shi ba.

Illar ita ce uba zai ji tsoro ya hana ɗansa wannan karatu, alhali tambarin ma'aikatunmu, bangon littattafan makaranta da zanen atamfa duk masu zane ne ke yin su, kuma kuɗi ake biya. Gobe mu dawo muna kukan an bar Arewa a baya.

In ka ga zanen da bai kwanta maka ba, Samaru ba nisa, je ka tambayi mai shi me yake nufi. Jingina wa Musulmi shirka ba tare da hujja ba, abu ne da za a tsaya a kansa ranar gobe. Allah Ya sa mu gane.