Jarrabawar Kwamfuta A Kan Takarda: Me Ake Aunawa A Tignère?

Duk shekara, daga ƙarshen watan Mayu zuwa cikin Yuni, daidai lokacin da damina ta kankama a tudun Adamawa, ɗaliban makarantun sakandare na Tignère, hedikwatar gundumar Faro da Deo, tare da 'yan uwansu na Galim da Kontcha da Mayo-Baleo, kan zauna jarrabawar ƙasa, wato BEPC da Probatoire da Bac. Cikin takardun da ake raba masu har da ta ilimin kwamfuta, kuma tambayoyin da za su amsa su ne dai waɗanda ɗan Yawunde ko Duwala zai amsa a wannan rana da wannan sa'a. Idan aka kalli abin daga nesa sai a ce an yi adalci, tunda ma'auni ɗaya aka ɗora wa kowa. Amma tambayar da ya kamata iyaye da malamai da hukuma su tsaya su yi wa kansu ita ce, shin wannan takarda me take aunawa, iya aiki da kwamfuta ko kuwa ƙarfin hadda?

Idan mai karatu bai manta ba, maganar shigar da kwamfuta makarantun ƙasar nan ta samo asali ne tun shekarar 2001, lokacin da Shugaba Paul Biya ya ambace ta a jawabinsa na jajibirin ranar matasa, sannan kafin shekarar ta ƙare ya buɗe ɗakunan kwamfuta na farko a Lycée Général Leclerc da kuma Lycée Bilingue na Essos, dukkansu a Yawunde. A shekarar 2003 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta sanya darasin cikin manhajar karatun sakandare, a 2004 aka kafa ma'aikatar ilimin sakandare mai zaman kanta, a 2011 kuma aka ƙirƙiro sashen TI domin ɗaliban da ke son ƙwarewa a fasahar sadarwa. Daga baya darasin ya shiga jarrabawar ƙasa, inda sashen jarrabawa na ma'aikatar ke kula da BEPC, hukumar OBC da aka kafa a 1993 kuma take kula da Probatoire da Bac. Ke nan yau fiye da shekara 20 da fara wannan tafiya, kuma an fara ta ne daga babban birni, daga nan aka riƙa sa ran za ta gangaro zuwa sauran wurare.

Duk wanda ya duba takardun jarrabawar na shekarun baya zai ga cewa ba wasa a cikinsu. Ana tambayar sassan kwamfuta da aikin kowane sashe, da yadda ake haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, da hanyoyin kare bayanai daga ɓarayi da ƙwayoyin cutar kwamfuta, da juya lamba daga lissafin goma-goma zuwa na biyu-biyu. A manyan azuzuwa kuma ana shiga tsara matakan warware matsala, wato algoridim, da rubuta umarni da harsunan C da HTML da JavaScript, da kuma tambayar rumbun bayanai da SQL. Manhaja ce da babu wanda zai raina. Sai dai takardar da kowane ɗalibi ke zama ya rubuta ta biro da takarda ce, alhali a ɓangaren masu karatu da Ingilishi hukumar GCE da ke Buea tana da takarda ta musamman a wannan darasi wadda ɗalibi ke yi a gaban kwamfuta.

A nan ne gizo ke saƙa. Rubuta umarnin kwamfuta sana'a ce irin ta hannu, kamar ɗinki ko tuƙi, kuma ana koyon ta ne ta hanyar kuskure da gyara. Alal misali, a harshen C, idan mutum ya manta waƙafi mai ruwa guda ɗaya a ƙarshen layi, kwamfuta za ta ƙi karɓar aikin gaba ɗaya, ta nuna masa inda ta tsaya, shi kuma ya koma ya nemo kuskurensa. Yaron da ya sha wannan wahala sau 50 ya koyi abin da babu allon da zai koya masa. Shi kuwa wanda bai taɓa ganin umarninsa ya yi aiki ba, abin da ya rage masa shi ne ya haddace siffar rubutun kamar yadda malam ya rubuta a allo, ya mayar da ita ranar jarrabawa. Mai yiwuwa su biyun su sami maki ɗaya, har ma mai haddar ya fi, amma ranar da aka ajiye su gaban na'ura a jami'ar Ngaundere ko ta Marwa ko ta Garwa, nan take za a gane bambanci. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.

To, me ya sa yaron karkara ba ya samun zama gaban kwamfuta yadda ya kamata? Abu na farko wutar lantarki ce. Jihohin arewa uku sun daɗe suna dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai kusa da Garwa, wadda aka kammala a farkon shekarun 1980 da ƙarfin megawat 72, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya sai an shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Guider sun rage zafi, amma aikin madatsar Bini a Warak, wadda aka yi wa jihar Adamawa alƙawari, ya yi shekaru yana tsaye. Idan haka manyan birane suka sha, sai mai karatu ya ƙiyasta halin ƙananan garuruwa da ƙauyukan da ke bayansu. Darasin da aka ba awa biyu a mako, idan aka ɗauke wuta a wannan awa biyun, ya tafi ke nan sai wani makon, kuma ko da wutar ta zo, aji mai ɗalibai da yawa kan taru ne a kan 'yan na'urori kaɗan, ɗaya na dannawa saura na kallo.

Abu na biyu malamai. Gaskiya ne manyan makarantun horon malamai na Yawunde da Marwa suna yaye malaman kwamfuta, amma yaye malami daban, zaunar da shi a garin da aka tura shi daban. Matashin da ya iya kwamfuta shi ne ya fi kowa sauƙin samun wata hanyar abinci a birni, ko ma a ƙasashen waje, don haka da wuya ya yi haƙurin zama a inda babu wuta babu intanet, musamman idan albashinsa ya makale. Yajin aikin da malaman sakandare suka shiga a watan Fabrairun 2022 ƙarƙashin inuwar OTS ya fito da wannan ciwo fili, inda aka ji labarin malaman da suka yi shekaru suna koyarwa ba tare da cikakken albashi ba. Inda aka rasa ƙwararre kuwa, sai a miƙa darasin ga malamin lissafi ko wani ɗan wucin gadi da ƙungiyar iyaye ke biya, shi kuma ya koyar da abin da ya samu a littafi.

Abu na uku shi ne inda ake zuba kuɗi. A shekarar 2016 gwamnati ta sanar da rabon kwamfutocin tafi-da-gidanka 500,000 ga ɗaliban jami'a, cikin wani shiri na saifa biliyan 75 da aka ranto daga bankin Exim na ƙasar Sin, aka kuma fara rabon a ƙarshen 2017. Ba a ce taimakon ɗan jami'a laifi ne ba, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a sakandare ne ake jarraba yaro a kan kwamfuta tun kafin ya ga ƙofar jami'a. Da an ware ko da kashi ɗaya cikin goma na waɗannan na'urori an kai su makarantun yankunan da gwamnati da kanta ta ce suna buƙatar kulawa ta musamman a fannin ilimi, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa da Gabas, da yau labarin ya sha bamban. A maimakon haka, a makarantu da dama iyaye ne ke biyan kuɗin kwamfuta kowace shekara, kuma ba kowane uba ne ya taɓa tambayar abin da aka saya da kuɗin ba.

Wasu za su ce ai magani a fili yake, a mayar da jarrabawar kan kwamfuta kowa ya huta. Kafin a yi gaggawa, ya kamata a leƙa makwabta, tunda daga Kontcha zuwa iyakar Nijeriya ba wata tafiya ba ce. Hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a a can ta fara gwada jarrabawa a kan kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015. Tsarin ya rage satar amsa, ya kuma hanzarta fitar da sakamako, amma yaran karkara da yawa sun fara taɓa linzamin kwamfuta ne a ranar jarrabawar ko dab da ita. Sannan a watan Mayun 2025, bayan shekara 10 ana yi, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi gafara saboda tangarɗar na'ura da ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000, sai da aka sake masu jarrabawa. Idan aka tilasta irin wannan a Faro da Deo gobe, ba tare da an fara tanadin wuta da na'urori ba, an hukunta yaro ne a kan laifin da ba nasa ba.

Hatta ƙasashen da suka wadata sun sha fama da wannan batu. A Ingila, a shekarar 2018, hukumar kula da jarrabawa ta daina lissafa makin aikin rubuta umarni da ɗalibai ke yi cikin shekara, saboda amsoshin sun cika intanet kowa na kwafa. A Faransa kuwa, da suka shigar da sabon darasin kimiyyar kwamfuta cikin manyan azuzuwa a 2019, sai suka haɗa takardar rubutu da gwaji a gaban na'ura ƙarƙashin idon mai jarrabawa. Darasin da ke ciki shi ne gwajin aiki na buƙatar na'ura da kuma tsaro. Mu ma nan mun san abin da ake kira ruwa, tunda a 2020 sai da aka sake rubuta wasu takardun Bac saboda tambayoyin sun riga sun zagaya wayoyin mutane.

Saboda haka gyara na farko, wanda ba ya buƙatar ko sisi, yana hannun masu tsara tambayoyi. Takarda na iya auna tunani idan an so. Maimakon a ce wa yaro ya kawo ma'anar algoridim, a ba shi farashin shanu biyar a kasuwar Tignère, a ce ya tsara matakan da za su gano wadda ta fi tsada. Ko a ba shi gajeren umarni da ke fara jimla daga sifili yana ƙara lambobi daga 1 zuwa 4, a ce ya bi shi layi-layi ya faɗi abin da zai fito, wanda ya fahimta zai ce 10, mai hadda kuwa zai tsaya. Ko kuma a dasa kuskure cikin umarnin a ce ya nemo. Irin waɗannan tambayoyi ne gasar Bebras, wadda aka fara a ƙasar Lituweniya a 2004 ta kuma bazu ƙasashe da dama, ta yi suna a kansu, kuma yaro mai kaifin basira a Galim zai iya yin fice a cikinsu ko da bai mallaki na'ura ba.

Gyara na biyu na hannun majalisar jiha. Dokar raba iko ta watan Disamban 2019 ta ɗora wa jihohi alhakin ginawa da kayata makarantun sakandare, kuma tun Disamban 2020 aka zaɓi majalisun farko. Ɗaki ɗaya mai kwamfuta 30 da farantan hasken rana da batura a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma huɗu ta Faro da Deo bai fi ƙarfin kasafin jiha ba, kuma koyon C ko HTML ba ya buƙatar intanet, na'ura mai wuta kawai yake so. Idan aka yi haka aka ba shi shekara biyu ko uku yana aiki, sannan ne zai halatta a sanya gwajin aiki ya zama dole, a fara da ɗan maki kaɗan ana ƙarawa. Haka nan ya kamata hukumomin jarrabawa su riƙa bayyana sakamakon wannan darasi gunduma-gunduma, domin jama'a su ga inda giɓin yake.

Gyara na uku namu ne, iyaye da sarakuna da 'yan bokon da suka fito daga wannan yanki. A taron ƙungiyar iyaye na farkon shekara, a tashi a tambaya cikin ladabi: kwamfuta nawa ke aiki a makarantar nan, sau nawa ɗana ya zauna gabanta a zangon da ya wuce, kuɗin da muka biya ina suka shiga? 'Yan asalin gundumar da ke aiki a Yawunde da Duwala kuma, maimakon kofin ƙwallon hutu kaɗai, su haɗa hannu su ɗauki nauyin gidan malamin kwamfuta ko farantan hasken rana. Yaran nan za su yi takarar shiga manyan makarantu da neman aiki ne tare da 'ya'yan birni, kuma ranar ba za a tambaye su ko an ɗauke wuta a garinsu ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, ya kuma ba 'ya'yanmu sa'a.