A Auna Taurin Babbar Jijiya, Ba Faɗinta Kaɗai Ba

A cikin kowane mutum 100 akan sami ɗaya ko biyu waɗanda aka haifa da wata tawaya a ƙofar da jini ke fita daga zuciya zuwa babbar jijiyar da likitoci ke kira awota. Ita wannan ƙofa marufai uku gare ta, amma su waɗannan bayin Allah biyu ne gare su. Wannan ita ce tawayar zuciya da aka fi yawan haihuwar mutane da ita, kuma ta fi samun maza. Da yawa sukan yi makaranta, su kama aiki, su yi iyali, ba su san da ita ba.

To, amma haɗarin bai tsaya ga ƙofar kaɗai ba. Jinin da ke fitowa ta marufai biyu yakan karkace ya riƙa dukan gefe ɗaya na jijiyar, sau dubbai a kowace rana, ga shi kuma bangon jijiyar masu wannan tawaya yakan zo da rauni tun asali. Sannu a hankali sai ta buɗe ta kumbura, wata rana kuma bangonta ya tsage. In haka ta faru, ran mutum yana iya salwanta cikin 'yan sa'o'i in ba a yi masa tiyata ba.

Tun da daɗewa faɗin jijiyar shi ne ma'aunin likitoci. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar a 2022 sun ba da shawarar tiyata idan faɗin ya kai santimita 5.5, ko kuwa santimita 5 idan akwai wani ƙarin haɗari, kamar a ce wani cikin dangi ya taɓa samun tsagewar jijiya. Sai dai wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka buga a 2007 ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda jijiyarsu ta tsage kusa da zuciya faɗinta bai kai santimita 5.5 ba. Watau ma'aunin faɗi yana barin mutane da yawa a baya.

Wannan ne ya sa masana suka juya ga awon tauri. Lafiyayyar jijiya kamar sabon tiyon roba take, takan miƙe idan zuciya ta buga, sa'an nan ta koma yadda take. Wadda ta lalace kuwa kamar tiyon da rana ta busar ne, faɗinsa yana nan, amma ya ƙage, ba a san ranar da zai fashe ba. Hanya biyu ake bi wajen awon. Ta farko, a ɗauki hoton jijiyar da na'urar eko, mai aiki da amsa-kuwwar sauti, ko da na'urar MRI, mai aiki da maganaɗisu, a ga yadda take buɗewa da tsukewa a kowane bugu. Ta biyu, a auna saurin tafiyar bugun jini a cikinta, domin gwargwadon taurin jijiya gwargwadon saurinsa. A jikin matashi mai lafiya saurin yakan kasance wajen mita 5 ko 6 a daƙiƙa, likitocin Turai kuwa suna ɗaukar abin da ya haura mita 10 a matsayin alamar lahani.

Lalle akwai masu cewa kada a yi gaggawa, kuma suna da hujja. Tsufa da hawan jini ma suna sa jijiya tauri, kuma har yanzu ba a mai da wannan awo sharaɗin yi wa mutum tiyata ba. Bugu da ƙari, hoton MRI yana da tsada, ba kowane ma'aikaci ne albashinsa zai ɗauka ba. Saboda haka bai kamata likita ya kai mutum ɗakin tiyata don sakamakon awon tauri kaɗai ba. Amma barinsa ɗungurungum shi ma kuskure ne, tun da na'urar eko da ke auna faɗi tana iya ba da labarin tauri a zama ɗaya.

Abin da ya kamata shi ne asibitocin koyarwa, kamar na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, su riƙa rubuta awon faɗi da na tauri tare a katin kowane mai wannan tawaya, su adana shekara da shekaru. Ta haka ne ɗaliban likitanci za su sami abin nazari daga jama'arsu. Ma'aikatun lafiya kuma su ba horar da masu sarrafa na'urar eko muhimmanci.

Shi kuwa wanda aka gaya wa yana da ƙofa mai marufai biyu, to, ya kiyaye ranar komawa asibiti ko da yana jin garau, ya kula da hawan jini, ya bar taba. Ya kuma kai iyayensa da 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya a duba su, domin tawayar tana bin dangi. Idan ya ji ciwo mai tsanani ya soke shi farat ɗaya a ƙirji ko a baya, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida, a garzaya da shi asibiti nan take.