FILIN IYALI: Kullun Jiya da Burodin Yau

A wannan fitowa za mu leƙa gidajen da ke gasa burodi a Tamale, waɗanda muke cin guminsu kowace safiya a teburin mai shayi ba tare da mun san fuskokinsu ba.

Daga Zango zuwa Sabonjida da Aboabo, wannan sana'a galibi ta gida guda ce, kuma mace ce ke riƙe da ragamarta. Uwar gida ita ke auna fulawa da sukari da gishiri, domin awo a hannunta yake. Samari su kai kwaɓi wurin injin murzawa, su dawo su hura tanderu. 'Yan mata su shafe gwangwanaye da mai. Maigida ya ɗaure kaya a bayan babur kafin a kira assalatu. Ba mai jiran albashi a cikinsu, abin da ya saura bayan an biya mai fulawa shi ne cefane da kuɗin makaranta.

To amma alkamar da suke dogaro da ita ba ta ƙasar Gana ba ce. A jirgin ruwa take sauka Tema da Takoradi, a niƙa ta a can, sannan ta biyo ta Kumasi da Kintampo, tafiyar fiye da kilomita 600. Shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, darajar sidi ta faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Disambar shekarar, waɗannan gidaje suka ji a jikinsu. Wasu suka ƙara kuɗi suka faɗa wa masu saye gaskiya, Allah ya saka musu. Wasu kuwa suka rage kwaɓi, suka ƙara yis, burodi ya kumbura ya cika ido, in ka matse shi ya shige tafin hannu. Wannan a ganinmu ɗan'uwan tauye mudu ne, kuma kowa ya san gargaɗin Suratul Muɗaffifina a kansa.

Akwai wata hanya ta tayar da kwaɓi wadda ta girmi yis na fakiti da dubban shekaru, wato a rage ɗan kullun jiya a zuba cikin na yau. 'Yan'uwanmu masu karanta shafin Faransanci sun san ta da suna levain, har ma gwamnatin Faransa ta kafa doka a 1993 wadda ta fayyace burodin da ya cancanci wannan suna. Abin da ke ba mu mamaki shi ne yadda muke kallon abin kamar na Turawa, alhali kuwa iyayenmu mata masu koko da masa sun daɗe da sanin sirrinsa. Gasarar da ta kwana ta yi tsami, wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suka yi aiki a cikinta. A kullun alkama, waɗansunsu ke fitar da iskar da ke tayar da shi, waɗansu su ba shi tsamin da ke jinkirta fumfuna. Ba za mu ce tsami zai rage kuɗin buhu ba, amma burodin yana da nauyi, yana riƙe ciki, kuma wanda ya yi kwantai ba ya saurin lalacewa, abin da ya fi damun mai ƙaramin jari ke nan.

An sha tambayarmu ko wannan tsami bai kusanci giya ba. Gaskiya ne ɗan abu kaɗan na barasa yakan samu a duk kwaɓin da ya tashi, har wanda aka sa wa yis, sai dai zafin tanderu yana kore mafi yawansa, kuma ko mutum ya ci burodi ya ƙoshi hankalinsa ba ya gushewa, alhali maye shi ne dalilin haramci. Khal ma daga tsami yake, ga shi kuwa ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yabe shi.

Wahalarsa ita ce lokaci. Kullun tsami yana son awoyi masu yawa, a hunturu ya yi nawa, a zafin Maris ya tashi kafin a ankara, don haka dole wani ya tsare shi. Muna roƙon iyaye kada wannan tsaro ya faɗa kan yarinyar da za ta shiga aji da safe. A kwaɓa bayan isha'i, manya su karɓi aikin dare.

Uwar gidan da ke son gwadawa ta dama rabin kofin fulawa da ruwa mai tsabta, ta rufe da ƙyalle. Kullum ta kwashe rabi ta ƙara sabuwar fulawa da ruwa. Cikin kamar mako guda zai riƙa kumfa yana ninka kansa, ya shirya ke nan.