Haɗin Gwiwa ko Zanen Aro? Horar da Fastoci da Kuɗin Ƙasashen Waje

A shekarar 1864 aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a Kantabari, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Angilika. Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS, shi ne ya tsaya masa, domin ya yi imani cewa dole ikilisiya ta mulki kanta, ta ciyar da kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Amma a 1890 wasu matasan Turawa 'yan mishan suka dakatar da limaman da ke ƙarƙashin Crowther a gaban idonsa. Ya rasu a 1891, aka maye gurbinsa da Bature. An ba shi rawani, amma jakar kuɗi ta ci gaba da zama a Landan.

Na kawo wannan tarihi ne saboda kalmar da ta cika bakin ƙungiyoyin mishan na Amurka da Turai a yau, wato "haɗin gwiwa". Maimakon turo Bature ya zauna shekara talatin a ƙauye, yanzu sun fi son horar da fastoci 'yan ƙasa ta hanyar tallafin karatu, littattafai da bita ta mako guda. Tsarin ya fi arha, kuma a fuska ya fi mutunta mutane. Sai dai ina da ja a kan sunan da aka raɗa masa.

Tambaya uku ke tona asirin kowace irin wannan yarjejeniya. Wa ya rubuta manhaja? Da wane harshe ake koyarwa? Wa ke da ikon tsayar da kuɗi? Idan amsa ukun duka tana ƙetaren teku, to ɗaukar ma'aikata aka yi. Faston da zai koma wa'azi da Hausa a Kagoro ko Maraɗi yakan haddace muhawarar malaman Jamus, alhali ba a tattauna da shi yadda zai yi da mai mata biyu da ya karɓi baftisma ba, ko gwauruwar da aka kashe mijinta a rikici, ko zaman lafiya da maƙwabcinsa Musulmi. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: makarantar da albashin malamanta ke zuwa daga waje ba ta iya musa wa mai bayarwa.

Wannan koke ya daɗe. A 1971 John Gatu na cocin Firesbiteriyan ta Gabashin Afirka ya nemi a dakatar da turo 'yan mishan da kuɗinsu na shekara biyar, don ikilisiyoyin nahiyar su san ƙarfinsu. Ƙungiyar majami'un Afirka ta mara masa baya a taronta na Lusaka a 1974.

Za a ce talauci gaskiya ne, ɗakin karatu ba ya cika da fatar baki. Haka ne, kuma akwai tallafin da ya yi albarka. Sharhin Littafi Mai Tsarki na Afirka da ya fito a 2006, wanda Tokunboh Adeyemo ya jagoranta, malaman Afirka saba'in ne suka rubuta shi. Abokan waje sun taimaka, amma alƙalami ya zauna a hannun 'yan gida. ECWA kuma, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, tana tura nata masu bishara ta hannun EMS da baikon mambobinta.

Don haka laifin ba na masu bayarwa kaɗai ba ne. Shugaban cocin da ke gina katafaren ɗakin sujada, ya bar makarantar tauhidi tana jiran dala, shi ya miƙa wuya. Kafin a sa hannu kan wata sabuwar yarjejeniya, a rubuta a ciki wa zai riƙe manhaja, da shekarar da makarantar za ta fara biyan malamanta daga aljihun ikilisiya.