Datar da kake ƙonawa za ta iya koya maka sana'a

Ɗan'uwa matashin Kafinsoli, tsakani da Allah, awa nawa ka kashe jiya a TikTok? Da datar nan za ka iya fara koyon gina shafin intanet. HTML ne tubalin ginin, CSS fenti da ado, JavaScript kuma ke sa shafin motsi. W3Schools na da darussa da kacici-kacici kyauta, ko a waya. Sai dai kacici-kacici haddarka kawai yake gwadawa. Ɗauki littafi, karanta babi ɗaya, ka rubuta lambobin da hannunka har su yi aiki. Sannan ka gina wa wani mai shago a Kankiya shafi. Wannan aikin za ka nuna wa mai biya gobe.