Kafin Mu Rufe Littafin Rajista Mu Koma Intanet, Mu Tsaya Mu Yi Lissafi



A taron ƙarshen wannan wata akwai batun da zai fi kowane cin lokaci, wato shawarar da kwamitin matasa ya kawo. Shawarar tana da rassa uku: a sayi Starlink a kafa a ofishin ƙungiya, a shiga wata manhajar kula da mambobi da ake biyan kuɗinta duk wata da dala, sannan a rufe babban littafin rajista da littafin kuɗin wata, komai ya koma intanet. Tun da aka sanya takardar a zaurenmu na WhatsApp muhawara ba ta tsaya ba. Da yake rajistar a hannun ofishin sakatare take, muka ga ya dace mu bayyana matsayinmu tun kafin ranar, domin kowa ya zo da nazarinsa.

Matsayinmu shi ne: mun yarda a shigar da rajista cikin kwamfuta, amma ba mu yarda da duk wani tsari da zai daina aiki ranar da sabis ya ɗauke, ko ranar da ƙungiya ta kasa biyan kuɗin wata ba. Littafi kada a rufe shi. Starlink kuma a jinkirta.

Mu fara da ba matasa gaskiyarsu, domin suna da ita. Takarda ba ta da tabbas. Ambaliyar da ta afka wa unguwannin Shagari, Yolde Pate da Sabon Pegi a Yola ta Kudu a watan Yulin 2025 ta ci rayuka, ta kuma tafi da takardun gidaje da na makaranta da mutane suka shekara suna adanawa. Da ofishinmu a can yake, da tarihin kuɗin ƙungiya ya zama laka. Ko ba ruwa, akwai gara, akwai gobara. Haka nan gaskiya ne cewa neman sunan mutum ɗaya a littafi yana cin lokaci, kuma mamban da ke zaune a Mubi ko Ganye ba ya iya duba ko an rubuta kuɗinsa sai ya kira waya. Duk wanda ya ce mu zauna a kan takarda kaɗai, bai yi wa ƙungiya adalci ba.

Amma mu mutanen Adamawa mun san abin da ake nufi da ɗaukewar sabis fiye da mafi yawan 'yan Najeriya. A ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa, bayan nan aka katse layukan waya. Sai cikin watan Yuli aka maido da su a jiharmu. Waɗanda ke kasuwanci a Jimeta a lokacin suna tuna yadda ake tura yaro da saƙo a takarda daga kasuwa zuwa Doubeli ko Jambutu kamar zamanin kakanni. A 2021 an sake yin irin wannan a Zamfara da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ba ma fatan haka ta maimaitu, amma abin da ya taɓa faruwa ba a cire shi daga lissafi.

Ko ba umarnin gwamnati, sabis yana iya tafiya saboda abin da ya faru a inda ba mu taɓa zuwa ba. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Abin ya faru a teku, amma mai POS a bakin kasuwar zamani ta Jimeta ya ji a jikinsa, domin bankuna da dama sun kasa aiki yadda ya kamata na kwanaki. Bayan wannan, a watan Afrilun 2024 ɓarayi suka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, Yola ta shiga duhu na makonni. Kuma mun san idan wuta ta daɗe ba ta zo ba, cajin waya ma sai an biya.

Yanzu mu ɗora wannan a kan aikin ƙungiya. Mamba ya rasu da asuba, za a yi jana'iza bayan azahar, ana bukatar a san ko yana cikin asusun taimakon gaggawa da kuma wanda ya rubuta a matsayin magajinsa. Ko an kwantar da matar mamba asibiti, likita yana jiran kuɗi. A irin wannan rana ba za mu ce wa iyali su yi haƙuri manhaja ba ta buɗewa ba. Rajistarmu ba ado ba ce, ranar wahala ake nemanta, kuma ranar wahala ce sabis ya fi yin gardama.

Sai batun kuɗi. Manhajar da aka kawo mana farashinta da dala yake. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya a hukumance tana wajen naira 460. Bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin shekara ta zagayo ta haura naira 1,500 a wasu lokuta. Ma'ana duk wanda ya ɗaure kansa da biyan dala a lokacin, kuɗinsa ya ninka sau uku ba tare da kamfanin ya ƙara masa ko sisi ba. Kuɗin watanmu kuwa da naira ake biya, kuma kowa ya san yadda ake kai ruwa rana kafin a amince da ƙarin naira ɗari. Ƙungiyar da kuɗin shigarta ke tafiya da ƙafa bai kamata ta ɗauki nauyin da ke gudu a mota ba.

Data ma ba ta tsaya inda muka san ta ba. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari, karo na farko tun 2013. Kungiyar ƙwadago ta NLC ta yi bore, amma ƙarin ya zauna. Tsarin da zai tilasta wa kowane mamba buɗe manhaja kafin ya ga matsayinsa, haraji ne na ɓoye a kan dattijo mai ƙaramar waya da bazawara mai sayar da ƙosai. Yawancin iyayenmu mata ba su da babbar waya, kuma su ne suka fi kowa biyan kuɗin wata a kan lokaci.

Game da Starlink, ba mu da ƙorafi a kan ingancinsa. Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da ya fara aiki, a watan Janairun 2023, kuma ga makaranta ko asibitin ƙauye inda babu turken waya, alheri ne babba. Amma mu dubi tarihin farashinsa. A watan Oktoban 2024 kamfanin ya sanar da ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, sai da NCC ta ce ba da izininta ba ne aka dakatar. A 2025 ya koma naira 57,000. Wannan ban da kuɗin na'urar kanta, wadda ta kai dubban ɗaruruwa, ban da sola ko inbata da za ta riƙe ta idan babu wuta. Ofishinmu a cikin gari yake, ba kullum ake buɗe shi ba, kuma aikin da muke yi bai wuce rubuta suna, buga takarda da tura saƙo ba. Ƙaramar na'urar Wi-Fi da layuka biyu na kamfanoni daban-daban sun ishe mu: idan ɗaya ya yi rauni, a juya ɗayan. Kuɗin Starlink na wata ɗaya zai iya biyan kuɗin jarrabawar maraya. Idan wata rana muka buɗe ajin koyar da kwamfuta ga yaranmu, sai a dawo da maganar, domin a lokacin za a ci moriyarsa.

Akwai tambayar da ba mu ga kowa ya yi a zaure ba, alhali ita ce uwa: idan muka daina biya, ina bayananmu za su tafi? Wasu manhajoji suna bari ka sauke rajistarka cikin fayil ɗin Excel duk lokacin da ka so. Wasu kuwa suna kulle ƙofa har sai ka biya. Kamfani ma yana iya rufe kayansa gaba ɗaya. Skype da mutane suka shekara ashirin suna amfani da shi, Microsoft ta rufe shi a watan Mayun 2025. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Shi kansa wannan shafi da kuke karantawa a gidan wasu yake: a 2025 kamfanin Meta ya faɗa a takardun kotu cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya saboda tarar da hukumomi suka ci shi, ciki har da dala miliyan 220 da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ɗora masa a 2024. Bai rufe ba, amma darasin ya isa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Haka kuma bayanan mambobi amana ce, kuma yanzu doka ta shigo ciki. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ruhin dokar mai sauƙi ne: kada ka karɓi bayanin mutum sai da dalili, ka sanar da shi abin da za ka yi da shi, ka kuma tsare shi. Fom ɗin manhajar da aka kawo yana neman lambar NIN, hoto da ranar haihuwa. Me ƙungiya za ta yi da NIN ɗin mamba? Suna, unguwa, lambar waya da sunan magaji sun wadatar. Abin da ba mu karɓa ba, ba za a sace shi a hannunmu ba. A kan wannan ne ma muke roƙon a daina sanya jerin sunayen waɗanda ake bi bashi tare da lambobinsu a zaure. Tozarci ne, kuma abinci ne ga 'yan damfara.

Ga abin da za mu gabatar a taro a madadin shawarar:

Na ɗaya, a shigar da rajista da kuɗin wata cikin fayil a kwamfutar ofis, da Excel ko LibreOffice. LibreOffice kyauta ne, kuma dukansu suna aiki ba tare da intanet ba.

Na biyu, a riƙa yin kwafi uku duk ƙarshen wata: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash da zai zauna a wajen shugaba ba a ofis ba, ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet ƙarƙashin adireshin imel na ƙungiya, ba na wani mutum ba. Lambar sirrin ta kasance a hannun mutum uku. Sakatare yana iya tafiya, ƙungiya tana nan.

Na uku, littafi ya ci gaba. Duk wanda ya biya a rubuta a littafi a ba shi rasit, sannan a shigar a kwamfuta. Duk wata uku a buga rajistar a takarda, masu binciken kuɗi su gwada ta da littafi su sa hannu.

Na huɗu, duk tiransifa ta shiga asusun banki mai sunan ƙungiya da masu sa hannu biyu. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya mana amfanin tiransifa, amma bai halatta kuɗin jama'a ya kwana a asusun mutum ɗaya ba, ko da waliyyi ne.

Na biyar, masu kula da zaurenmu na WhatsApp da wannan shafi kada su gaza uku, kowannensu ya kunna lambar tsaro ta mataki na biyu. Duk wanda ya kira ku ya ce ku karanto masa lamba shida da ta shigo wayarku domin wani taro ko tallafi, ɓarawo ne, ku kashe wayar.

Na shida, game da kwamfutar ofis: Microsoft ta daina tura gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10 daga 14 ga Oktoban 2025. Wannan ba ya nufin kwamfutar ta mutu. Idan aikinta rajista ne da buga takarda, ba yawo a intanet ba, za ta iya ci gaba yayin da muke tara kuɗin wata a hankali.

Sannan muna ba da shawarar a danƙa wa kwamitin matasa wannan aiki gaba ɗaya. A cikinsu akwai waɗanda suka yi karatun kwamfuta a Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa, sun fi mu sanin hannunsa. Su tsara fayil ɗin, su shigar da sunaye, su koya wa ma'aji. Idan bayan shekara ɗaya aka ga fayil ya yi mana kaɗan, su kawo manhajar da ta amsa tambayoyi uku: tana aiki idan babu sabis? Za mu iya fitar da bayananmu duk ranar da muka so? Da naira ake biya? Wadda ta amsa ukun, mu ne za mu fara ɗaga mata hannu.

Iyayenmu dattawa, muna roƙon kada ku ɗauki shawarar yaran nan a matsayin raini, kishin ƙungiya ne ya sa suka kawo ta. Ƙannenmu matasa, ku ma kada ku ɗauki tambayoyinmu a matsayin tsoron zamani. Kuɗin da ake magana a kai na marayu ne da marasa lafiya. Wanda ke da hujjar da ta fi tamu ya kawo ta a taro, a saurare shi, a kaɗa ƙuri'a. Muna kuma roƙon mai babbar waya ya karanta wa wanda ba shi da ita, musamman iyayenmu mata na Wuro Hausa, Luggere da Nassarawo, domin su ma ƙuri'arsu ɗaya ce da ta kowa.

Allah Ya yi mana jagora, Ya ƙara haɗa kanmu, Ya ba Adamawa da Najeriya zaman lafiya. Amin.

Daga ofishin Sakatare.