Hawan Patios: Mai Keke Ma Yana Da Haƙƙi A Kan Kwalta

Yau zan ɗauke ku zuwa Amurka ta Kudu, kan wani hawan dutse da ban taɓa takawa ba, amma labarinsa ya daɗe yana ci mini rai.

Bogota, babban birnin ƙasar Kolombiya, yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,600 sama da teku, mutanensa kuma sun kusa miliyan 8. Ta gabas, jerin tsaunuka ne suka yi wa birnin katanga, har gidajen ƙarshe suna jingine da gindinsu. Akwai wata hanyar kwalta da ta fita daga cikin unguwanni ta nufi wani ƙaramin gari mai suna La Calera. Kimanin kilomita 6 na farkonta hawa ne zalla, kwana bayan kwana, har a kai wani wuri da ake kira Alto de Patios, inda tsayin ƙasa ya kai wajen mita 3,000.

Duk ƙarshen mako, tun gari bai gama wayewa ba, dubban mutane ke dafifi a wannan hanya a kan kekuna. Akwai mai keken tsere mara nauyi da kuɗinsa zai sayi mota, akwai mai tsohon keken ƙarfe da yake zuwa aiki da shi. Akwai tsoho mai furfura, akwai 'yan mata, akwai yaro a bayan babansa. Kowa na tura feda yana haki, domin a irin wannan tsayi iska ba ta cika ƙirji kamar yadda take yi a ƙasa. Idan an kai sama sai a tsaya a rumfunan masu abinci a sha ruwan mazarƙwaila mai zafi da cuku, a haɗa da wainar masara, sannan a juyo gangara.

Ra'ayina shi ne, abin da ya kamata a yaba a wannan hoto ya wuce ƙarfin ƙafar mahayan. Birni ne ya yarda cewa wanda ke kan keke mutum ne mai haƙƙi a kan titi, ya rubuta hakan a doka, ya kuma saba wa mutanensa da shi tsawon shekara 50. Zakarun tseren da ƙasar ke alfahari da su, daga wannan yarda suka fito.

Mu duba tarihin. An fara gasar zagaye Kolombiya a kan keke a 1951, wanda ya fara lashe ta kuwa shi ne Efrain Forero, ɗan garin Zipaquira da ke kimanin kilomita 50 arewa da Bogota. Saboda yadda mahayan ƙasar ke manne wa dutse suna hawa ba gajiya, aka yi musu laƙabi da kalmar da ke nufin buzuzu a harshensu. A 1984 Lucho Herrera ya ci zangon Alpe d'Huez a babbar gasar Faransa, a 1987 ya lashe gasar Sifaniya gaba ɗaya. Nairo Quintana, ɗan manoma daga jihar Boyaca, wanda ya taso yana gangara kimanin kilomita 16 zuwa makaranta a kan keke, ya kuma hawo su da yamma, ya lashe gasar Italiya a 2014 da ta Sifaniya a 2016. Sai 2019, lokacin da Egan Bernal, shi ma ɗan Zipaquira, ya lashe gasar Faransa yana da shekara 22, mutum na farko daga yankin Latin Amurka da ya yi hakan. Wannan gasa ce ta mako uku, ta fiye da kilomita 3,000.

Wani zai ce ai baiwa ce ta wurin zama: wanda ya tashi a kan tudu jininsa ya saba da ƙarancin iska, in ya sauko ƙasa dole ya fi kowa numfashi. Akwai gaskiya a ciki. To amma birnin La Paz na ƙasar Bolibiya ya fi Bogota tsayi nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa fitar da zakaran gasar Faransa ba. Dutse yana ba da huhu, amma ba ya koya wa yaro hawa keke, ba ya kuma hana direban babbar mota take shi.

Abin da Bogota ta ƙara a kan dutsen shi ne wannan. Tun 1974 aka fara abin da suke kira Ciclovia: duk ranar Lahadi da ranakun hutu, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, ana rufe manyan tituna na fiye da kilomita 120, a hana motoci shiga, a bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Ban da wannan, birnin ya gina hanyoyin keke na dindindin da suka haura kilomita 500. A 2016 kuma ƙasar ta yi doka mai lamba 1811, wadda ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi in zai wuce mai keke, ta kuma ba ma'aikacin gwamnati hutun rabin yini duk lokacin da ya cika zuwa aiki sau 30 a kan keke. Yaron da ya koyi keke a tsakiyar babban titi ranar Lahadi, babu tsoron mota, shi ne wanda zai ɗaga kai wata rana ya ce bari ya gwada Patios. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada in yi muku zane mai kyau fiye da gaskiya. Har yanzu ana mutuwa a hanyoyin nan. A 2019, ranar da Zipaquira ta fito tarbar nasarar Bernal, kyamara ta ɗauko wani yaro yana kukan murna, hoton ya zagaya ƙasar. A watan Yulin 2021 babbar mota ta take wannan yaro yana atisaye a kan kekensa, yana da shekara 13. Shi kansa Bernal, a watan Janairun 2022, ya afka wa wata bas da ta tsaya a gefen hanya a Gachancipa yana cikin gudu, ya karye a wurare da dama har da ƙashin baya, da ƙyar ya sha. Ga kuma ɓarayin keke da ke tare mutane da makami. Waɗannan duk suna nan.

Sai dai ku lura da abin da ya biyo bayan mutuwar yaron. Ƙasar ta girgiza, aka yi jerin gwano a kan kekuna, kuma a 2022 majalisa ta zartar da sabuwar dokar kiyaye haɗurra da aka sa wa sunansa. Ba a ce “me ya kai shi kan titi” aka wuce wurin ba. A nan ne na ga bambancin da ke damuna.

Lokacin da nake karatun difloma, da keke nake zuwa makaranta. Wata safiya wani direban bas ya matse ni har na faɗa kwata, gwiwata ta fashe, gaban keken ya lanƙwashe. Bai tsaya ba, sai yaron motarsa ya leƙo ya ce mini, “Kai ma ka sayi taka mana!” Mutanen da suka ɗaga ni sun yi mini sannu, amma nasihar da na fi ji ita ce in daina hawa babban titi. Babu wanda ya ga laifin direban. A wurinmu keke shaidar rashi ce. Da zarar mutum ya samu, sai ya jingine shi ya sayi babur, kuma daga ranar ya fara kallon mai keke a matsayin cikas. Alhali muna da birane a gindin duwatsu, Jos da Abuja ga su nan, muna da samari masu ƙafa da ke ɗauko buhun masara a bayan keke daga ƙauye zuwa kasuwa. Ƙarfin akwai shi. Abin da babu shi ne titin da uwa za ta bar ɗanta ya hau hankalinta kwance.

Na san za a ce muna da matsalolin da suka fi wannan, kuma keken tsere abin masu kuɗi ne. To ai maganar ba ta tsaya kan tsere ba. Dokar tazara da ke kare mai keken miliyoyi a Patios ita ce ke kare lebura da ɗalibi da mai tallan burodi, kuma su ne suka fi yawa. Rufe titi ɗaya na awa bakwai ranar hutu ba ya buƙatar kwangila. Shinge ne da 'yan jami'ai da niyya. Kolombiya ta fara hakan ne tana fama da talauci da rikicin cikin gida, ba ta jira sai ta wadata ba.

Ba na cewa gobe za mu fitar da Bernal. Ina cewa duk ranar da ɗayanmu ya zauna a bayan sitiyari ko a kan babur ya hango mai keke a gabansa, ya rage gudu, ya ba shi fili, ya wuce shi kamar yadda zai so a wuce ƙanensa. Daga nan Bogota ta fara.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya mayar da kowa gida lafiya. Sai wani makon.